Tun kafin lakkol: abin da gida ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro a Ƙonni, Malbaza da Illela

A farkon watan Oktoba, idan aka koma lakkol, iyaye a Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela ta jahar Tawa sukan riƙo hannun 'ya'yansu masu shekara 6 zuwa 7 su kai su ajin farko na firamare, wato CI. A ranar farko yaran kamar ɗaya suke, kowa da ƙaramin allonsa da allinsa. Amma kafin a kai hutun Disamba, mushe ya riga ya ga bambanci. Wani yaro yana iya zama ya saurari bayani har ƙarshe, ya riƙe umarni biyu a jere, ya ba da labarin abin da ya gani a hanya. Wani kuma hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, in an tambaye shi sai ya sunkuyar da kai. A gida nan da nan ake yanke hukunci: wannan yana da kai, wancan ba shi da kai, haka Allah ya yi shi.

Gado yana da nasa rabo, babu mai musun haka. Sai dai binciken da likitoci da masana halayyar yara suka yi cikin shekaru arba'in da suka wuce ya nuna cewa babban kaso na wannan bambanci ana gina shi ne a gida, kafin yaro ya taka ƙofar aji. Abin da yaro yake ci, yawan ciwon da yake fama da shi, barcinsa, wasansa, da kuma ko akwai mai yi masa magana yana sauraron amsarsa, duk suna da hannu a ciki.

Maganar ta fi nauyi a nan saboda dalili biyu. Na farko, yara ƙalilan ne a Nijar ke samun shiga ajin share fagen firamare, wanda ake kira jardan, kuma mafi yawan irin waɗannan azuzuwa a birane suke. Ga yaron Tsarnawa, Dogarawa ko Tajaye, tsakar gida ita ce jardan ɗinsa. Na biyu, sakamakon lakkol ɗin kansa ba ya da daɗin ji. A binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ɗaliban ƙasashe goma na Afirka masu amfani da Faransanci, kusan yara 9 cikin 10 da suka kai ƙarshen firamare a Nijar ba su kai matakin da ake bukata a karatu ba. A binciken 2019 an samu ci gaba, amma har yanzu mafi yawansu suna ƙasa da wannan mataki. Ƙarancin azuzuwa, littattafai da horon malamai suna cikin dalilai. Halin da yaro yake isowa aji da shi ma yana ciki.

Me ke faruwa a kan yaro kafin shekara 6?

Jariri yana zuwa duniya da kusan dukkan ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da zai rayu da su. Abin da bai cika ba shi ne hanyoyin da ke haɗa ƙwaya da ƙwaya. Cibiyar nazarin ci gaban yara ta Jami'ar Harvard a Amurka ta ƙiyasta cewa a shekarun farko na rayuwa, fiye da mahaɗa miliyan ɗaya ke ƙulluwa a kowace daƙiƙa. Zuwa shekara 5 ko 6, ƙwaƙwalwar yaro ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum.

Waɗannan hanyoyi kamar turbar gona suke. Wadda ake bi kullum takan faɗaɗa ta yi ƙarfi, wadda aka daina bi ciyawa ta rufe ta. Sautin da yaro ke ji a kai a kai, kalmomin da ake maimaita masa, abin da yake taɓawa yana juyawa, su ne ke zaɓar turbar da za ta tsaya. Wannan aiki yana bukatar abu biyu a lokaci ɗaya: kayan gini, wato abinci da lafiya, da kuma abin da zai sa ƙwaƙwalwar aiki, wato hulɗa da mutane. A 2016 mujallar likitanci ta The Lancet ta ƙiyasta cewa yara miliyan 250 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, wato kashi 43 cikin 100, suna cikin haɗarin kasa kai matakin da ya kamata su kai saboda talauci da tamowa.

Ciki ya cika, jini bai cika ba

Yankin Ƙonni da Malbaza ba ya cikin wuraren da abinci ya fi ƙaranci a ƙasar. Akwai babban filin noman rani na Ƙonni, akwai albasar Galmi da ake lodawa zuwa Abijan da Akara, akwai kasuwar Badagishiri a gundumar Illela. Duk da haka abincin ƙaramin yaro a gidaje da yawa bai wuce hura, kunu da tuwon hatsi ba, safe da dare. Hatsi yana ƙosarwa, amma shi kaɗai ba ya ba ƙwaƙwalwa duk abin da take so.

Babban binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya gano cewa kashi 73 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 a Nijar suna da ƙarancin jini, kuma binciken abinci na shekarun baya-bayan nan yana nuna cewa fiye da yara 4 cikin 10 tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Yaron da jininsa ya yi ƙasa ba lallai ne ya kwanta ciwo ba. Yakan zama mai saurin gajiya, marar son wasa, mai laƙewa jikin uwa, har a riƙa yaba shi da cewa yana da haƙuri. Amma yaron da ba ya yawo yana taɓa abubuwa, ba ya tambaya, yana rasa darussan da sa'o'insa ke samu.

Sinadarin ƙarfe da jini ke bukata yana cikin hanta, nama, kifi, wake da ganyaye irin su zogala da yakuwa. Tumatir, lemun tsami, mangwaro ko gwaiba a tare da abinci suna taimaka wa jiki ya tsotse shi. Shayi kuwa akasin haka yake yi: idan aka sha shi tare da abinci yana rage abin da jiki ke ɗauka, don haka ragowar shayin majalisa da ake miƙa wa yara ba alheri ba ne gare su. Haka nan gishiri. Rashin sinadarin iyodin, musamman lokacin da uwa ke da ciki, yana cikin manyan dalilan raunin ƙwaƙwalwa da za a iya kauce musu a duniya, kuma gishirin da ake auna wa a kasuwa ba duka ne ke ɗauke da shi ba.

Akwai kuma tsarin cin abincin. Idan yaro ɗan shekara 3 ya sa hannu a kwano ɗaya da yayyensa 'yan shekara 8 da 10, su ne ke cinye wake da ɗan naman da ke ciki. Ba shi nasa ƙaramin kwano, a zauna kusa da shi har ya gama, ba ya ƙara ko dala ɗaya a cefane.

Masassara da kwalli

Daga Yuli zuwa Oktoba abubuwa biyu ke haɗuwa wa yaro: rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa. Masassarar cizon sauro tana fasa ƙwayoyin jini, ta ƙara ƙarancin jinin da ake da shi. Idan ta hau kai har yaro ya suma ko ya yi jijjiga, tana iya barin tabo. Binciken da aka yi a Yuganda ya nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da suka tsira daga irin wannan masassara sun ci gaba da samun matsalar mayar da hankali ko riƙe abu shekaru biyu bayan sun warke. Shi ya sa gidan sauro da maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida kowane wata a damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 suke da alaƙa kai tsaye da karatun yaro na gaba. Maganin na kwana uku ne, kuma na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa yake.

Wani haɗarin a cikin kayan kwalliya yake. Kwallin dutse da ake sa wa jarirai a ido sau da yawa daga dutsen dalma ake niƙa shi. Yaro ya murza ido ya kai hannu baki, dalmar ta shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Mutanen wannan yanki ba su manta da abin da ya faru a Zamfara ta Najeriya a 2010 ba, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Kwalli ba ya kisa irin haka, amma yana rage kaifin fahimta a hankali, ba tare da kowa ya lura ba.

Yaron da ake yi wa magana

A gidaje da yawa ana ganin ba a hira da yaron da bai iya magana ba, domin me zai fahimta? Wanda ya fara magana kuma, abin da ya fi ji shi ne umarni: zo, tafi, bari, yi shiru. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ke hana uwa kiran sunan ɗanta na farko ko yi masa wasa a gaban mutane. Wannan tarbiyya tana da dalilinta, tana koya wa yaro ladabi. Amma ƙwaƙwalwa tana koyon harshe ne ta hanyar musaya: yaro ya yi sauti ko ya nuna abu, babba ya amsa, yaro ya sake.

A 2018 masu bincike a jami'o'in MIT da Harvard sun naɗi maganar da ake yi a gidajen yara 36 'yan shekara 4 zuwa 6, sannan suka duba aikin ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Abin da ya fi tafiya tare da ƙarfin harshen yaro shi ne yawan karon da aka yi ba-ni-in-ba-ka da shi a hira, fiye da yawan kalmomin da suka wuce ta kunnensa kawai.

An gwada wannan a Afirka ta Yamma ma. A ƙauyukan Wolof na jahar Kawlak a Senegal, inda wasu ke ganin yi wa jariri magana na iya jawo masa iska ko kambun baka, ƙungiyar Tostan ta yi zama da iyaye da shugabannin addini kan batun. Sakamakon da Ann Weber, Anne Fernald da Yatma Diop suka wallafa a 2017 ya nuna cewa bayan shekara guda, iyayen da suka shiga shirin sun ƙara yawan maganar da suke yi wa yaransu sosai, kuma harshen yaran ya fi na ƙauyukan da shirin bai kai ba buɗewa.

Gidan Bahaushe yana da nasa kayan aikin tun asali. Inda uwa ke jin kunya, kaka ba ta ji: wasan kaka da jika hira ce ta tsokana da ramuwa, irin wadda masana ke nema. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi tana koya wa yaro bin labari daga farko zuwa ƙarshe, ya riƙe wanda ya yi me, ya yi hasashen abin da zai biyo baya. Kacici-kacici yana sa shi kwatanta abu da abu. Waƙar gaɗa da karatun allo suna horar da kunne da hadda. Ko aike ma darasi ne: yarinyar da aka ce ta karɓo gishiri da daddawa ta dawo da canji tana riƙe abu uku a kai lokaci ɗaya.

Wasu iyaye a gari suna tsoron kada Hausa ta hana yaro iya Faransanci. Bincike kan koyon harsuna ya nuna akasin haka: yaron da ya ƙware a harshen gida, ya san kalmomi da yawa, ya iya ba da labari, shi ne ke saurin ɗaukar harshe na biyu. Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa a firamare tun 1973 a Damagaram, kuma kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa.

Waya, barci da wasa

Abin da ke cin lokacin tatsuniya a yau shi ne waya. A Ƙonni, garin kan iyaka da kasuwanci, wayar da ke da bidiyo ta shiga kusan kowace unguwa, kuma ita ce hanya mafi sauƙi ta sa yaro shiru yayin da uwa ke girki ko sana'a. A watan Afrilu na 2019 OMS ta fitar da shawarwari kan yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ta ce kada a ajiye yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada kallon ya wuce awa ɗaya a yini. Ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar aƙalla awa 3 na motsa jiki a yini da barcin awa 10 zuwa 13, har da na rana.

Dalilin ba wai wayar tana ƙona ƙwaƙwalwa ba ne. Matsalar ita ce ba ta amsawa. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta sa jarirai 'yan wata 9 na gidajen masu Turancin Ingilishi su saurari Sinanci a zama 12. Waɗanda mutum ya zauna gabansu yana musu magana sun koyi bambance sautukan harshen. Waɗanda aka nuna wa mutanen nan a bidiyo ba su koyi komai ba. A Kanada kuma, binciken yara kusan 2,400 da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa waɗanda suka fi yawan kallo suna da shekara 2 da 3 sun fi samun ƙaramin sakamako a gwajin ci gaba daga baya. Irin wannan bincike yana nuna alaƙa ne, ba ya tabbatar da cewa kallon shi kaɗai ne sanadi, amma ya yi daidai da abin da aka sani game da hira.

Barci kuwa shi ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Wani gwaji a Jami'ar Massachusetts a 2013 ya nuna cewa yaran jardan da suka yi barcin rana bayan darasi sun fi tuna shi, har washegari. A watannin zafi na Afrilu da Mayu, lokacin da gida duka ke kwana a waje ana kallon fim har tsakar dare, ƙaramin yaro ne ke biyan bashin.

Ta fuskar wasa, yaran karkara sun fi na manyan birane sa'a. Langa, carafke, tuwon ƙasa, 'yar tsana ta kara da motar gwangwani suna koyar da lissafi, jiran layi, bin doka da dabara. Abin da ke rage musu amfani shi ne tsoro. Yaron da ake yawan duka ko daka wa tsawa yakan koyi yin shiru, kuma yaron da ke tsoron kuskure ba ya gwada sabon abu.

Abin da aka gwada a Nijar

Tun 2011 gwamnati, da tallafin Bankin Duniya, take gudanar da shirin tallafa wa gidaje marasa ƙarfi, wanda daga baya aka sani da Wadata Talaka. A tsarinsa na farko ana ba mace jika goma, wato sefa 10,000, kowane wata har wata 24, kuma jahar Tawa tana cikin jahohin da shirin ya shafa. A wasu ƙauyuka an haɗa kuɗin da faɗakarwa: taron gari, zaman mata rukuni-rukuni da ziyarar gida, kan abinci, lafiya, wasa da yaro da kare shi.

Patrick Premand na Bankin Duniya da Oumar Barry na Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar sun auna sakamakon a ƙauyukan jahohin Doso da Maraɗi, suka wallafa shi a 2022. Kuɗi shi kaɗai ya inganta cimakar gida, amma bai canza yadda ake renon yara ba. Faɗakarwar ta canza halayen iyaye, kuma yaran sun ɗan fi natsuwa da iya zama da mutane. Sai dai a gwajin fahimta da a awon tsawo da nauyi ba a ga wani bambanci ba.

Wannan sakamako bai rushe abin da aka faɗa a sama ba, amma yana nuna cewa jin shawara a taro ba ya wadatarwa. A Kingston ta ƙasar Jamaika, daga 1986, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun bi yara 129 da tamowa ta hana girma. Ma'aikatan lafiya na unguwa suna zuwa gidan wasu daga cikinsu kowane mako har shekara biyu, su zauna da uwa da ɗanta awa guda ana wasa da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kashi 25 cikin 100. A can, abin da aka yi shi ne gwadawa da hannu, mako bayan mako, da yaron a tsakiya.

Wa zai yi?

A Adar cin rani tsohuwar al'ada ce. Bayan girbi maza da yawa suna tafiya Najeriya, Kodibuwa, Libiya ko Aljeriya, su bar mata da daka, ɗibar ruwa, itace da sana'a. Lokacin cirar albasa kuma, sau da yawa yarinya 'yar shekara 7 ce ke goyon ƙaninta yini guda. Ce wa irin wannan uwa ta ware awa ɗaya don wasa magana ce ta wanda bai san gidan ba. Abin da zai yiwu shi ne a sa hirar cikin aikin: a ambaci sunan abin da ake yankawa, a ƙirga albasa tare, a tambayi yaro me ya gani a rijiya, a jira ya amsa. Uban da ke Abijan ko Agadas, idan ya kira waya, zai iya neman a ba yaron su yi minti biyu. Wannan amfani da waya ne da yaro ke ƙaruwa da shi, domin akwai mai amsa masa a ɗaya gefen.

Sauran aikin na hukuma ne. Mata suna kai yara awo da rigakafi a gidajen likita na CSI, kuma masu faɗakarwa na gari suna shiga gida-gida lokacin rabon maganin damina. Tsarin da OMS, UNICEF da Bankin Duniya suka fitar a 2018 ya ba da shawarar a yi amfani da irin waɗannan haɗuwa wajen nuna wa iyaye yadda ake hira da wasa da yaro, tare da awon nauyi da allura. Magadan gari kuma suna iya tallafa wa ƙananan azuzuwan jardan na al'umma a ƙauyuka, inda ake koyarwa da harshen gida.

Yaran da za su shiga CI nan da shekara uku suna tsakar gida yanzu a Bazaga, Galmi da Badagishiri. Idan iyaye suka ga ɗansu ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, kada su jira Oktoban da za a kai shi lakkol. Su kai shi likita a duba jininsa da kunnensa.